Rayuwar Sarkin Kano Alu Mai Sango da Labarin Basasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, idan aka ce yaƙin basasa, yaran zamani ba su kawo kome a ransu sai yaƙin da aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Amma a bakin dattawan ƙasar Kano, Basasa ita ce fitinar da ta auku tsakanin jikokin Sarki Ibrahim Dabo daga 1893 zuwa 1895, watau daga shekara ta 1311 zuwa ta 1312 ta Hijira. Labarinta ya daɗe yana yawo a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa da zangon fatake, musamman a garuruwan arewa da birni, irin su Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Minjibir, domin ta wannan nahiya aka ƙare ta.

Dalilin da ya sa wannan labari ya fi na sauran yaƙe-yaƙe kama zuciya a fili yake. Idan yaƙi da baƙo ne, mai saurare ya san ɓangarensa tun ba a fara ba. Idan kuwa tsakanin 'yan'uwa ne, masu alƙibla ɗaya da kaka ɗaya, kowane ɓangare da hujjarsa, sai mai saurare ya rasa wanda zai bai wa gaskiya duka, ya koma yana tambayar kansa inda zai tsaya da shi ne a wurin. Amma labari idan ya daɗe a baki yakan yi ƙiba, kowa ya ɗora masa nasa. Saboda haka ga tarihin mutumin da fitinar ta ƙare a hannunsa, da sunaye da shekaru, domin mai ba da labari ya sami abin dogara.

ASALINSA

Sunansa Aliyu, ana ce masa Aliyu Babba, Kanawa kuwa suna ce masa Alu, suna yi masa laƙabi da Mai Sango. An haife shi a rabi na biyu na ƙarni na 13 na Hijira. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya rasu a Karofi a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, don haka ake ce masa Maje Karofi. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma sunan wannan kakan nasa ya ci. Ashe ke nan ta wajen uba Basulluɓe ne na gidan Dabo, ta wajen uwa kuwa jinin Shehu ne. Ya tashi da karatu, ya iya Larabci, ya kuma iya doki da makami kamar yadda 'ya'yan sarakunan wancan zamani suke tashi.

Ibrahim Dabo ya yi sarautar Kano daga 1819 zuwa 1846. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, kuma littafin Tarihin Kano ya nuna uwarsu ɗaya, sunanta Shekara. To, ka riƙe wannan da kyau: waɗanda suka zare wa juna takobi a Basasa kakansu ɗaya, kakarsu ɗaya.

MAFARIN FITINA

Abdullahi ya daɗe a kan gado, ya haifi 'ya'ya masu yawa, ya ba da yawansu sarauta. Babba a cikinsu wajen suna da jama'a shi ne Yusufu, wanda ya riƙe sarautar Galadima, har zargi ya shiga tsakaninsa da mahaifinsa aka tuɓe shi. Da Abdullahi ya rasu, Sakkwato ta naɗa ƙanensa Muhammadu Bello. Shi kuwa Bello ya sa gaba ga tabbatar da sarauta a ɗakinsa. Ya riƙa tuɓe 'ya'yan wansa da barorinsu daga muƙamai, yana ɗora nasa, har ya kai ɗansa Muhammadu Tukur ga sarautar Galadima. Ta haka birni ya cika da 'ya'yan sarki waɗanda ba su da sarauta, ba su da abin hannu, sai dawaki da mabiya da ɓacin rai.

A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai yaƙi Argungu, aka kuwa ci rundunarsa. A wannan rana Galadima Tukur ya nuna jarunta da mutanen Kano, Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan alheri. Da Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari yana Kano. Waziri ya ga inda zukatan jama'a suka karkata, ya san naɗa Tukur zai jawo tashin hankali, amma umarnin Sarkin Musulmi ya tsaya a kan Tukur, shi kuwa Waziri ɗan aike ne. Aka naɗa Tukur.

Nan fa mas'ala ta tsaya wa malamai da sarakuna. Masu bin Tukur suna da hujja mai ƙarfi, cewa Sarkin Musulmi shi ke naɗa sarakunan tuta tun zamanin Shehu, kuma fita daga ɗa'ar shugaba ƙofar ɓarna ce wadda idan aka buɗe ta ba a san ranar rufe ta ba. Masu bin Yusufu su ma suna da tasu, cewa an yi shekara goma sha ɗaya ana tauye su, an naɗa sarki ba da yardar mafi yawan gidan ba, kuma idan suka zauna babu abin da ke jiransu sai ƙarin wulaƙanci ko abin da ya fi shi. Daga nan Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa.

FITA DAGA BIRNI

Yusufu ya fita daga Kano da 'yan'uwansa 'ya'yan Abdullahi, Alu yana cikinsu, suka bi ta Wudil suka sauka Takai, kudu maso gabas da birni. Takai ribaɗi ce mai fuskantar Ningi, mutanenta sun saba da yaƙi, sun kuma san gidan Abdullahi. Daga can Yusufawa suka riƙa aika wa dagatai da sarakunan garuruwa, wanda ya bi su ya tsira, wanda ya ƙi a kai masa hari. Manyan garuruwan gabas da kudu suka riƙa shiga hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Sun kai wa birni hari na fari ba su ci nasara ba, Tukur kuwa ya tsananta wa waɗanda aka kama da waɗanda ake tuhuma a cikin gari, da kisa da ƙwace dukiya. Wannan tsanani bai ƙara masa ƙarfi ba, sai ma ya sa waɗanda suke tsaka-tsaki suka juya masa baya.

Ana cikin haka, a tsakiyar 1894, Allah ya yi wa Yusufu rasuwa a Garko, bai ga cikar abin da ya fara ba. Runduna ta wayi gari ba shugaba, ga 'yan'uwa da yawa, wasu sun girmi Alu. Amma shawara ta tsaya a kansa, da goyon bayan manyan bayin sarki irin su Shamaki Harisu. Abin da aka duba shi ne jinin mahaifiyarsa. Yusufawa sun san ko sun ci Kano da takobi, ba za su zauna lafiya ba sai Sakkwato ta yarda, kuma babu wanda Sakkwato za ta fi sauƙin haƙura da shi kamar jikan Sarkin Musulmi. Yayyensa suka haɗiye girmansu suka yi masa mubaya'a, abin da ya gagari gidan Dabo gaba ɗaya watanni kaɗan kafin wannan.

SHIGA KANO DA RANAR TAFASHIYA

A watan Agusta na 1894, daidai da Safar na 1312, Alu ya kawo rundunarsa ga ganuwar Kano, aka fasa, aka shiga. Tukur ya fita da hakiman da suka tsaya tare da shi, ya nufi arewa maso yamma, ya yi sansani a Kamri, wajen iyakar Kano da Katsina. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna da umarnin su taimaki Tukur, amma taimakon da ya zo bai taka kara ya karya ba, domin babu sarkin da ya so ya ƙona hannunsa a wutar gidan wani.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya shigo, sarakuna biyu suna kiran kansu Sarkin Kano. Alu ya fita da kansa ya bi ɗan'uwansa. A watan Maris na 1895, cikin Ramalana na 1312, aka haɗu a Tafashiya. Aka karya Tukurawa, aka yi wa Tukur rauni mai tsanani, aka ɗauko shi za a kawo Kano, rai ya yi halinsa a hanya, aka binne shi a Gurun. Allah ya jiƙansa. Ta haka yaƙin ya ƙare, a watan azumi, tsakanin mutane masu azumi.

ABIN DA TALAKA YA GANI

Masu ba da labari sun fi son su tsaya ga dawaki da lifidi da sulke. Amma nauyin Basasa a kan talaka ya sauka. Karkarar da ke kewaye da Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta, sai dai a ciyar da shi da taki. Da rani jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, suna fitowa da takin gari. Masaƙa da marina na ƙauyuka suna dogara ga Kasuwar Kurmi, ita kuma Kurmi tana dogara ga ayarin Buzaye masu kawo gishiri, da fataken Gwanja masu kawo goro, da Larabawa masu bin hanyar hamada zuwa Tarabulus. Irin wannan ƙasa ba ta jure yaƙi. Runduna idan ta sauka a gari, ko ta masoyi ce, sai rumbu ya koma wayam. Dagaci idan ya bi wannan, wancan ya ƙone masa gari, idan ya bi wancan, wannan ya tuɓe shi.

Mafi muni duka shi ne bautar da 'ya'ya. Kowane ɓangare ya ɗauki ɗayan a matsayin wanda ya halatta a kama, aka sa Musulmi 'yantattu a igiya aka kai kasuwa, alhali kuwa hana irin wannan yana daga cikin abubuwan da aka yi jihadi dominsu shekara casa'in kafin nan. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robinson, wanda ya zo koyon Hausa, ya zauna a Kano daga ƙarshen 1894 zuwa farkon 1895, ya kuma rubuta a littafinsa yadda ya ga ana shigowa da kamammu birni da yawa. Gidaje da dama a ƙasar Kano sun rasa mutum a wannan shekara wanda ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

MULKINSA

Alu ya zauna gadon sarauta da takobi, daga baya aka yi sulhu, Sakkwato ta amince da shi, ko da yake bai taka ƙafarsa can ba muddin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana da rai. Ya raba sarautu ga 'yan'uwansa da waɗanda suka sha wuya tare da shi, ya ɗaukaka wansa Ahmadu ya ba shi sarautar Waziri, Abbas kuma ya zama Wambai. Manyan bayin sarki suka ƙara ƙarfi a zamaninsa, domin su ne masu riƙe da bindigogi. Gidajen Tukurawa kuwa suka rasa muƙamai da dukiya, wasu suka watsu a ƙasashen maƙwabta.

Bai sami hutu ba. Ƙasar da 'ya'yanta suka raunana ta, maƙwabci yakan gane. Ningawa suna kai hari daga kudu, daga arewa kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya shigo ƙasar Kano da yaƙi fiye da sau ɗaya kafin ƙarshen ƙarni, da bindigogi da igwa. An gwabza a Gezawa, an gwabza a Tattarawa, Kano ta yi hasarar mazaje, garuruwan arewa suka sake ganin ƙuna da gudu tun tabon Basasa bai warke ba. Amma birni bai faɗi ba. Abin da ya kawar da wannan barazana ba takobin Kano ba ne: a 1899 Faransawa suka ci Damagaram, aka kashe Ahmadu. Mai hankali a lokacin ya gane cewa wanda ya cinye maƙiyinka a yau, gobe kai zai waiwaya.

ZUWAN NASARA

A 1900 Ingilishi suka shelanta mulkinsu a kan Arewa ƙarƙashin Gwamna Lugga. Suka ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, suka shiga Bauci da Zariya a 1902. Alu ya gyara ganuwa, ya ƙara tara makamai. A cikin wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato, waɗanda aka buga fassararsu a 1927, akwai tasa, inda ya nuna wa Waziri cewa shi a ganinsa babu abin da ya fi wa Musulmi sai hijira daga ƙasar. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani jami'in Turawa, Kyaftin Maloni, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Turawa suka riƙe wannan hujjar kawo yaƙi.

A wannan wata ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru. A farkon Janairu na 1903 Alu ya tashi da manyan hakimansa da mahaya masu yawa zuwa Sakkwato domin mubaya'a. Yana can Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu 1903, cikin Zulƙida na 1320, ya shiga Kano. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har ya faɗi a gidan sarki.

Labari ya iske rundunar Kano a hanyar komowa. A Birnin Goga, cikin dare, Alu ya rabu da jama'arsa ya nufi arewa da mutane kaɗan. Wannan dare shi ne abin da aka fi saɓani a kansa a dukan rayuwarsa. Masu zarginsa suna ganin makiyayi ba ya barin garke a bakin kura. Masu ba shi uzuri suna ganin hijirar nan ce da ya riga ya ambata a wasiƙarsa ya tashi cikawa, kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Da gari ya waye runduna ta rabu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya gamu da sojan Turawa a Kwatarkwashi, ya faɗi a can, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya zaɓi ya komo da jama'a gida, Gwamna Lugga ya tabbatar masa da sarautar Kano a watan Afrilu. 'Yan'uwa uku, uba ɗaya, kowa da hanyar da ya ga ita ce daidai a rana ɗaya.

Alu bai yi nisa ba. Aka gane shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lakwaja, inda suka tara sarakunan da suka tuɓe, irin su Sarkin Zazzau Kwasau, daga baya kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Ya yi sarauta shekara tara ba cikakku ba, ya yi zaman tsare shekara ashirin da uku. Ya rasu a Lakwaja a 1926, a bakin kogi, nesa da Dala da Gwauron Dutse, kabarinsa yana can.

GA MAI SON BA DA WANNAN LABARI

Gina ƙagaggen labari a kan tarihi ba baƙon abu ba ne. A ƙasar Masar, Jurji Zaidan, wanda ya rasu a 1914, ya rubuta littattafai fiye da ashirin a kan tarihin Musulunci, yana saka ƙagaggun mutane a cikin al'amuran da suka auku da gaske, mutane suka yi ta karantawa, malamai kuma suka yi masa raddi a inda suka ga ya karkata. A ƙasar Hausa, gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933 ta fito da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya taɓo yaƙin Turawa, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna zamanin bauta ta idon yaron da aka sace. Abin da ya ba waɗannan littattafai daraja shi ne masu su sun san ƙasar da suke magana a kanta, da hanyoyinta da sarautunta da al'adunta.

Basasa ma tana da inda za a nemo ta. Alhaji Abubakar Dokaji ya kawo ta a Kano Ta Dabo Cigari a 1958, Adamu Fika kuma ya yi mata littafi guda da Turanci a 1978, ga wasiƙun sarakuna, ga abin da gidaje suka riƙe a ka. Wanda zai saƙa labari a kanta, sharaɗi uku ne a kansa, irin waɗanda ɗalibin ilmi ya sani. Na fari, ya tantance ruwaya, ya bambanta abin da ya tabbata da abin da maroƙa suka ƙara. Na biyu, ya yi adalci, kada ya mai da Tukur shaiɗan ko ya mai da Alu mala'ika, domin jikokin duka biyu suna nan, suna salla sahu ɗaya. Na uku, kada ya manta da manomi da marini da matar da aka raba da ɗanta, domin su ne suka biya kuɗin rawanin da ba su taɓa ɗaurawa ba.

Shekara takwas kacal ke tsakanin ranar Tafashiya da ranar da aka shiga Kano da igwa. Gadon da aka zubar da jinin 'yan'uwa dominsa, baƙo ne ya zo ya ba wanda ya ga dama. Wanda duk ke da gādo a gabansa, na gona ne ko na rumfar kasuwa ko na limanci, ya dubi wannan ya yi wa kansa hisabi tun magana ba ta kai gaban alƙali ba.

Allah ya jiƙan Sarki Alu da Sarki Tukur da Galadima Yusufu, da dukan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan fitina, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba. Allah ya kiyashe da ƙasar Musulmi daga sharrin rarrabuwa, ya ba da damina mai albarka da kasuwa mai albarka. Amin. Tamat, bi hamdillahi.